Kilim Marar Hutu a Ɗakin Inna

Tun Jibo bai samu shago ba ya riga ya sa an rubuta masa allo. Farin fenti ne a kan shuɗin katako: INJINIYA JIBO, LIKITAN SANYI, DAWOWAR ABIJAN. Allon yana jingine a zauren gidan yayarsa da ke unguwar Bukoki a Yamai, inda yake kwana tsakanin turmi da tsohon keke, kuma kullum da safe sai ya goge shi da hannun riga kafin ya wanke fuskarsa.

Cewa ya je Abijan, gaskiya ne. Cewa ya yi aikin sanyi, wannan ma gaskiya ne, domin shekara biyu ya yi yana dakon ƙanƙara daga mota zuwa rumfunan masu kifi. Sauran karatun bakinsa ne ya ƙarasa.

Shagon da ya ƙwallafa wa rai ɗaki ne a ƙofar gidan Mutari, wanda ake ce wa Mushe Mutari irin girmamawar Faransanci, ma'aikaci a biro, wato ofishin rabon cimakar agaji. Ƙofarsa na kallon titi, daura da rumfar Yakuba tela. Jibo ya riga ya tsara komai a kansa: nan teburi, can kanta, yara uku masu koyon aiki, shi kuwa yana zaune yana nuni da turnabis, ƙarfen kwance kusoshi. Abin da ya rage kawai mai gida ya miƙo makulli.

A shekarar ne fari ya koro mutane daga ƙauyuka zuwa Yamai, soja kuma na riƙe da ƙasa. Mushe Mutari ya je can wajen Filinge ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Salamatu, bayan rijiyar garinsu ta ƙafe. Don ya girmama ta, ya cire kilimatizar ɗin ɗakinsa, wanda kowa ke ce wa kilim, ya sa aka fasa bangon ɗakinta na ɓangaren titi aka dasa mata shi. Kilim na ƙwarai, in ɗaki ya yi sanyi yakan yi shiru ya huta, sai zafi ya dawo ya sake tashi. Wannan kuwa tun ranar da aka dasa shi bai numfasa ba. Yana ruri da safe, yana ruri da azahar, har ladanin unguwa ya fara ƙara murya.

Mushe Mutari ya rame. Mutumin da makullin sito ke hannunsa, a ce injinsa na ruri wata biyu yayin da jama'a ke layin jar dawa, ai magana ce da ke iya kai wa kunnen da bai kamata ba. Ya kashe shi, ba hali, sai a ce ya bar uwarsa cikin zafi. Ya tambaye ta yadda take ji, nan ma ba hanya, domin shi ne ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in ya gaishe ta ma bango take amsa wa.

Da Jibo ya ji labarin sai ya je ya tare shi a ƙofa, ya ce irin wannan ciwon a Abijan yaransa yake bar wa. Mushe Mutari ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce zai tafi rangadi yau Talata, ya dawo Juma'a bayan masallaci.

"In na tarar yana tashi yana hutawa da kansa, shago naka ne. In na tarar yana ruri, kada in ƙara ganin allon nan ko a mafarki."

Jibo ya ce ai Juma'a ta yi nisa.

Da hantsi ya iso da shuɗiyar rigar aiki da jakar fata. A cikin jakar akwai turnabis ɗaya, da guduma, da filaya wadda ba ta buɗewa sai an taka ta. Hadizatu, matar gidan, ta raka shi ɗakin surukarta. Ya tarar da Inna zaune a tsakiyar wani dogon gadon ƙarfe da aka zagaye da zane har ƙasa. Ta lulluɓa da bargo, a cikin bazarar da ƙadangare ma ke neman inuwa. Tagar baya a buɗe take, ɗakin kuma na ɗan ƙaurin hayaƙi.

Jibo ya rufe tagar, ya ce ga rabin ciwon nan. Yana juya baya Inna ta sa sanda ta tura ta buɗe. Ya durƙusa a gefen gado don ya gaishe ta, sai ya ji wani zafi ya lashi gwiwarsa. Ya zabura, ya shaida wa Hadizatu cewa kuran ne, wato wutar lantarki, ke yawo a ƙarƙashin daɓe, abin da ƙananan masu gyara ba su sani ba. Ya kai hannu zai ɗaga zanen, sanda ta sauka a kan yatsunsa.

"Ɗan nan, a Abijan ɗin ƙarƙashin gadon tsofaffi aka koya muku leƙawa?"

Ya ce a'a, Inna, ya tattara yatsunsa ya fita. Hadizatu ta bi bayansa tana kallon ƙasa kamar mai neman allura.

A waje, ƙarƙashin gindin kilim ɗin, akwai wata tasa da ruwa ke ɗiga a ciki. Ta Hadizatu ce. A shekarar da famfo ke zuwa in ya ga dama, tasa uku take samu a yini, kajinta su sha, Yakuba tela kuma ya ɗebi moɗa ɗaya ta yayyafin guga a bakin gadin da yake yi mata. Jibo ya tsuguna ya dubi ɗigon, ya kaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta. Ya ce abin a fili yake: inji na zubar da ruwan jikinsa, ba mai mayar masa. Ƙasa duka na fama da fari, shi ma ƙishirwa ce ta hana shi barci.

Yakuba Bagobiri ne, Jibo kuwa Bazabarme, saboda haka abokan wasa ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, tsakaninsu ba a jin zafin magana. Ya ɗago daga kan kekensa ya ce shi dai bai taɓa ganin an shayar da mai gumi guminsa ba, amma tunda bawansa ne ya faɗa, a gwada. Jibo ya ce mai ɗinka wando ba ya sa baki a harkar kuran, kuma ranar da ya buɗe shago, Bagobiri na farko da zai ɗauka shara ce aikinsa.

Ya ɗauki tasar ya juye a buta, ya ƙara da buta biyu daga randar gida, ya ɗura wa kilim ta kowace kafa da ya gani. A buta ta uku aka ji tas. Rurin ya tsaya, rediyon Hadizatu ya tsaya, komai na gidan ya mutu. Jibo ya buɗe hannuwa ya ce ga shi nan, ya huta. Hadizatu ta leƙo ta tambaya ko firjinta ma yana cikin yarjejeniyar hutun.

Fizibil ne ya ƙone, ɗan siririn ƙarfen nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa. Jibo ya ce raunin fizibil ɗin Turawa ke nan, abu kaɗan sai ya karaya. Ya faki idon Yakuba, ya zare ƙusa ɗaya daga ƙafar kujerar da telan ke ajiye wa manyan baƙi, ya cusa ta a gurbin. Da injin ya bushe wajen la'asar sai ya tashi da sabuwar murya, ruri a ƙasa, tari a sama.

Ran Laraba ya zo da sabuwar fahimta. Ya ce jiya gwaji ne kawai, ainihin ciwon rana ce da ke dukan bayan injin. Ya je kasuwar Katako ya ɗauko zana biyu, ya naɗe gindin kilim ɗin tsaf, ya ɗaure da igiya, ya ƙara da tsohon buhu don kada iska ta shiga. Yakuba ya ce yanzu saura liman da masu ɗauka. Kafin azahar injin ya fara huci kamar raƙumin da aka danne, zanar ta ɗau zafi tana ƙamshin sabuwar ciyawa.

Awakin Bukoki na wannan shekarar kwali suke ci, har takardar siminti ba su bari. Da ƙamshin ya kai musu sai ga su, bakwai ko takwas, da wani jan bunsuru a gaba. Jibo ya shiga tsakiyarsu da guduma yana kora. Bunsurun ya kama bakin igiya ya ja, sauran suka kama zana, shi kuma ƙafarsa ta harɗe a madauki. Aka ja shi taku biyar a ƙasa. Da ƙura ta lafa, zana ta tafi, aljihun rigarsa ya tafi, kilim kuma ya karkace a bango kamar hular ɗan caca, yana ci gaba da rurinsa. Matan layin suka fito ƙofa suna yi masa sannu da murya mai rawa. Ya ce musu dama yana so ya karkata shi, awakin sun rage masa aiki ne.

Ran Alhamis ya ce magani ya ƙare, sai fiɗa. Ya kashe wuta, ya zaro injin daga bango, ya shimfiɗa tabarma a bakin titi ya baje kayan cikinsa. Mutane suka kewaye shi. Yana ɗaga kowane ƙarfe yana faɗin sunansa da wani Faransanci da ko malamin makarantar unguwa bai taɓa ji ba. Ya tarar da wata siririyar waya mai dunƙulallen kai a gaban injin, wadda ita ce ke jin sanyin ɗaki ta gaya masa ya huta. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce wannan ba ta da aiki, Turawa na sa ta ne don kaya su yi nauyi. Ya fizge ta ya ba Yakuba ya ce ya yi zariya.

Da ya gama haɗawa, kusoshi tara suka rage a tabarma. Ya ce wannan shi ne bambancin gwani da koyo. Aka taya shi ɗagawa, ya tura injin cikin ramin daga waje, ya toshe gefe da laka, ya zagaya ya kunna wuta. Da ya dawo ya tsaya a gabansa, sai wata iska mai sanyi ta daki fuskarsa, irin wadda rabonsa da ita tun rumfar kifi. Sai a lokacin ya lura maɓallan kunnawa suna kallon titi. A juye ya sa injin, sanyi na fita waje, zafi na shiga ɗaki.

Yakuba ya buɗe baki zai yi magana, sai muryar Inna ta fito ta taga.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Yau na ji jikina ya dawo."

Jibo ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce sun dai ji da kunnensu. Maɓallai a waje kuwa sabon yayi ne, don kada tsofaffi su wahala. A ransa kuma ya ga wata dabara da ta fi duk na baya: gobe in Mushe Mutari ya shiga ɗaki yana saurare, shi zai tsaya a waje ya murɗa, inji ya yi shiru, ya ƙirga ɗari ya sake murɗawa. Ga tashi, ga hutu, ga makulli.

Abin da bai lissafa ba shi ne Bukoki. Kafin la'asar labari ya zaga cewa bangon Mushe Mutari na raba sanyi kyauta. Masu dara suka ɗauke ramukansu suka dawo nan. Mai shayi ya kawo teburinsa. Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci, mutum ya fi arba'in a gindin bangon, har an yi tsari, tsofaffi a gaba, masu ƙarfi a baya, kowa ya sha iska gwargwadon ƙirga hamsin ya matsa. Jibo ya kutsa da ƙyar don ya gwada dabararsa. Yana kai hannu kan maɓalli hannuwa shida suka riƙe shi. Wani tsoho ya ce in ya taɓa, zai ga abin da ya sa ake tsoron masu furfura.

A lokacin soja, mutum arba'in a wuri ɗaya ba biki ba jana'iza, abin tambaya ne. Motar sintiri ta tsaya. Wani sarjan mai kauri ya sauko da soja uku, yana tambaya wa ya ba da izinin taro. Masu dara suka zauna a kan ramukansu. Sarjan ya ratsa har gaba, iskar ta daki wuyansa, sai ya tsaya. Ya cire hula. Ya ce wannan bincike ne mai tsawo, a kawo masa kujera. Yakuba ya ruga ya kawo ta manyan baƙi.

Daidai nan motar biro ta sauke Mushe Mutari. Ya ga soja a ƙofarsa, ya ga taro, ya ji ruri, sai jakarsa ta suɓuce. Ya matso yana gaisuwa tun daga nesa. Sarjan ya tambaye shi ko shi ne ma'aikacin da ke sanyaya titi alhali ƙasa na cikin wahala. Mushe Mutari ya nuna Jibo. Kowa ma ya nuna Jibo.

Jibo ya gyara rigarsa marar aljihu, ya ce shi ne injiniyan. Sarjan ya nemi takardar shaida. Ya ce tana Abijan ana sa mata gilashi. Sarjan ya tambayi sunan makarantar. Ya ce tana bakin teku, kowa ya san ta, ana shiga tun da asuba. Sarjan ya jingina da baya don ya yi dariya, ƙafar kujera ta fice, ya tafi ƙasa gaba ɗaya ƙafafu a sama.

Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho dai ya cusa rawaninsa a baki. Yakuba ya ɗaga ƙafar kujerar ya ga ramin ƙusa, ya juyo a hankali.

"Bawana, ina ƙusata?"

"Tana aikin ƙasa," in ji Jibo.

Kamar injin na jiran a ambace ta. Ya yi wani gurnani, ya yi tari uku, sannan ya buga kamar bindiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ciki da waje. Sojoji suka kwanta a ƙasa. Jama'a suka watse, mai shayi ya gudu da buta ya bar teburi. Hadizatu ta fito da gudu tana cewa ta kashe wutar gida amma Inna na ciki.

Suka afka ɗakin, Jibo a ƙarshe. Inna na zaune a tsakiyar gadonta, ba bargo, tana kore hayaƙi da mafici. Aka ce ta sauko, ta ce ba ta sauka a gaban maza. Sarjan ya ba da umarni, soja uku da Yakuba suka ɗaga gadon da ita a kai, suka karkata shi ta ƙofa, suka dire a tsakar gida. Jama'ar da suka gudu sun riga sun dawo sun cika zaure.

A inda gadon ya tashi, ga kaskon wuta babba cike da toka, ga rabin buhun gawayi, ga ƴar gyaɗa a kwano da aka gasa.

Mushe Mutari ya dubi kaskon, ya dubi ramin kilim, ya dubi matarsa. Hadizatu ta ce a hankali ita dai aikenta ake yi sayen gawayi, kuma ba a tona surukuwa, ga shi kaji na samun ruwa. Inna ba ta dubi ɗanta ba. Sai ta yafuto sarjan da sanda.

"Ɗan soja, gaya wa mai gidan nan, shekara saba'in ina kwana cikin zafin garinmu ban mutu ba. Ya kawo ni birni ya sa ni a randa. Abin arziki ya yi mini, ba na ce a cire ba. Sai na hura wutata, shi yana hura sanyinsa, muka zauna lafiya."

Sarjan ya juya ya ƙame, ya maimaita wa Mushe Mutari kalma bayan kalma, har da randar. Mushe Mutari ya roƙe shi ya tambaye ta me ya sa ba ta kashe injin ba. Ta ce a gaya masa ba a kashe kyautar ɗa.

Jibo ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga. Ya tuna wa Hadizatu cewa tun ran Talata ya ce zafi daga ƙasa yake fitowa, ga gwiwarsa shaida. Ya ce aikin kwana uku ne ya fito da ciwon fili, kuma duk mai kunne ya ji yanzu ba ruri. Ya miƙa hannu wajen Mushe Mutari, tafi a buɗe.

Mushe Mutari ya ciro makullin daga aljihu, wataƙila don ya nuna masa abin da ya rasa. Inna ta hango shi. Ta tambayi sarjan na wane ɗaki ne. Aka ce na shagon ƙofar gida, mai rufin kwano, wanda rana ke duka tun safe. Ta ce a gaya wa mai gidan nan can take so, ga ɗumi, ga mutane na wucewa. Sarjan ya karɓi makullin da kansa, ya sa a hannunta, sojoji suka sake ɗaga gado.

Kafin sarjan ya tafi ya ce ba zai bar rami a bango yana kiran taro ba, injiniya ya toshe shi yanzu a gabansa. Aka fitar da gawar kilim. Aka nemi katakon da zai rufe ramin, duk layin ba a samu daidai ba sai guda ɗaya. Jibo ya je zauren yayarsa ya ɗauko shi a ka. Ya buga shi da kusoshi taran da suka rage, Yakuba na riƙe masa tsani yana karanta rubutun da ƙarfi don amfanin waɗanda ba su yi makaranta ba.

Allon ya daɗe a wurin, baƙin hayaƙi kewaye da shi. Inna kuwa ta kafa kaskonta a ƙofar shago tana sayar da gasasshiyar gyaɗa. In baƙo ya tsaya ya karanta, ya tambaye ta ko injiniyan nan ya iya aiki, sai ta ajiye mafici ta amsa da zuciya ɗaya.

"Gwani ne, ɗana. In kana da injin da ya dame ka, kai masa. Kwana uku ya ishe shi."